Bayan An Karɓe Usur

Da la'asar sakaliya, idan rana ta yi sanyi a Gulma, filin makarantar firamare kan cika da yara. Wasunsu daga fadama suka fito, lakar shinkafa ba ta gama bushewa a ƙafafunsu ba. A tsakiyarsu akwai saurayi guda da usur rataye a wuya, buhun riguna a gefe, da ƙwallo biyu, ɗaya duk faci. Shi ke raba su gida biyu, shi ke alƙalanci, shi ke rabon faɗa, in wani ya gurɗe shi ke goya shi a babur zuwa wurin mai ɗori. Ba mai biyansa ko sisi. Amma kowa Koci yake ce masa, har dattawan da ke ratsa filin za su masallaci.

Irin wannan saurayi yana nan a Argungu, yana nan a Augie da Jega da Bunza. Da dare, a gidan kallon ƙwallo, shi ke fara gane kuskuren mai horarwa tun ba a tafi hutun rabin lokaci ba, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Burinsa wata rana ya tsaya bakin layi a babban fili, da albashi, da mota, da 'yan jarida suna miƙo masa abin magana. Burin ba laifi ba ne. Sai dai akwai tambayar da kawunsa manomi kan jefo masa yana gyara bakin fartanya: "To ɗana, ran da sunka kore ka, mi za ka ci?" Saurayin kan yi dariya ya wuce. Tambayar ta fi ƙarfin dariya, domin a wannan sana'a kora tana cikin aikin, kamar yadda ambaliya take cikin noman fadama.

A fara da lissafin kujeru. Gasar Firimiya ta Nijeriya ƙungiyoyi 20 ne, ke nan manyan kujeru 20 ne a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200. A shekarun nan Jihar Kebbi ba ta da ƙungiya a cikinsu. Kebbi United a rukuni na biyu aka san ta. Mafi yawan manyan ƙungiyoyin ƙasar kuma na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists ta Bauci, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri, Niger Tornadoes ta Minna. Ma'anar wannan ita ce koci yana da iyayen gida da yawa. Akwai shugaban ƙungiya, akwai kwamishinan wasanni, akwai magoya baya da ke iya tare ƙofar fili, akwai kuma zaɓe. Idan gwamnati ta sauya, hukumar ƙungiya kan sauya, sabuwar hukuma kuwa da nata mutumin take zuwa.

Korar ma tana da nata yaren. Da wuya a fito a ce an kori mutum. Da farko za a ba shi wa'adin wasa uku ya gyara. In wa'adin ya cika, sai sanarwa ta fito cewa an umarce shi ya koma gefe, mataimakinsa ya riƙe. Daga gefen nan ba kasafai ake dawowa ba, kuma sau da yawa komawa gefe dabara ce ta kauce wa biyan abin da kora ta fili za ta jawo.

Matashi zai ce ai wanda ba ya cin wasa ake kora. Tarihin gasar nan bai goyi bayansa ba. Usman Abdallah, mutumin Kano, ya ci wa Enyimba ta Aba kofin Firimiya a watan Yunin 2019, karo na takwas a tarihin ƙungiyar. A watan Janairun 2020, bayan Plateau United ta zura musu huɗu ba ko ɗaya a Jos, aka sallame shi. Wata bakwai ke nan tsakanin ɗaga kofi da haɗa kaya.

Labarin Kano Pillars ya fi wannan daɗin bayarwa. Mohammed Baba Ganaru ya ci mata gasar a 2012 da 2013, sannan ya tafi Nasarawa United. Okey Emordi, wanda ya taɓa cin kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2004, ya karɓa ya ƙara mata na uku a jere a 2014. A watan Agustan 2015 Nasarawa United ta zo filin Sani Abacha ta ci Pillars 2–1, ta karya tarihin shekara goma sha biyu da Masu Gida suka yi ba a doke su a gida a gasar ba. Aka sallami Emordi. Wa aka kira ya gyara ɓarnar? Baba Ganaru.

Wannan shi ne gefen da ke sanyaya zuciya, kuma gaskiya ne: a sama, kujerun zagayawa suke yi tsakanin mutanen da ba su da yawa. Usman Abdallah bai daɗe a gida ba ya samu Wikki, daga baya Katsina United, ya shiga cikin masu taimaka wa kocin Super Eagles, ya kuma riƙe Pillars ta garinsu. Abdu Maikaba ya bi ta Wikki da Akwa United, inda ya ci kofin ƙalubale a 2017, da Plateau United da Rangers ta Enugu da Pillars. Ladan Bosso ya zagaya ƙungiyoyi da dama, ya kuma riƙe 'yan ƙasa da shekara 20 na Nijeriya fiye da sau ɗaya. Wanda ya riga ya shiga wannan da'ira, in an rufe masa ƙofa a Aba, wata kan buɗe a Bauci. Amma sunayen da ake ji ke nan. A bayan kowane ɗaya akwai mataimaka da masu horar da masu tsaron gida da kociyoyin ƙananan rukuni, waɗanda in aka sallami maigidansu su ma tasu ta ƙare, kuma ba jaridar da za ta bi sawunsu. Saurayin Gulma, in ya shiga sana'ar, ta cikin waɗannan zai fara.

Ko a ƙoli, zafin korar bai ragu ba. Shu'aibu Amodu, wanda ya ci kofin Afirka na masu riƙe da kofuna da BCC Lions ta Gboko a 1990, ya kai Nijeriya gasar cin kofin duniya sau biyu, ta 2002 da ta 2010. Duka biyun bai je ba. An sauke shi bayan ya zo na uku a gasar Afirka a Mali, aka ba Adegboye Onigbinde. An sake sauke shi bayan ya zo na uku a Angola, aka ba Lars Lagerbäck ɗan Suwidin. Duk da haka hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ba ta daina komawa gare shi ba, kuma yana daraktan fasaha nata Allah ya yi masa rasuwa ranar 10 ga Yunin 2016, kwana uku bayan rasuwar Stephen Keshi. Keshin ma ya sha irin wannan: ya kai Togo gasar duniya ta 2006 aka ba Otto Pfister ya tafi da su, Mali ta sallame shi a 2010, ya dawo gida ya ci kofin Afirka a 2013, aka kore shi a 2015.

Mutanen Kabi ba sai sun duba nesa ba. A tsallaken iyaka, Harouna Doula ya kai Mena ta Nijar gasar cin kofin Afirka karo na farko a tarihinta, ta 2012, daga rukunin da ke da Masar da Afirka ta Kudu. Hukumar ƙwallon Afirka ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Wasa ɗaya aka buga a gasar, Gabon ta ci su 2–0, sai aka ture shi aka miƙa ragama ga Bafaranshe Rolland Courbis. Da wani ne, da ya yi fushi ya bar harkar. Doula ya zauna cikinta, kuma bayan kusan shekara goma ƙasar ta dawo gare shi. A farkon 2023 ya kai 'yan wasan cikin gida na Nijar wasan kusa da na ƙarshe na gasarsu ta Afirka a Aljeriya, bayan sun fitar da Ghana. Shekara goma ba kwana goma ba ce, kuma a cikinsu kullum sai an ɗora tukunya.

A nan ne gidan kallo ke yaudarar matasa. Suna jin an kori José Mourinho daga Manchester United a Disambar 2018, ƙungiyar ta biya shi da muƙarrabansa fam miliyan 19.6, sai su ɗauka kora wata hanyar arziki ce. A Ingila tana iya zama haka. A nan gida labarin daban ne, kuma bambancin yana cikin doka. Tun daga farkon 2021 FIFA ta sa ƙa'idoji na musamman kan kwantiragin masu horarwa, amma kotunta tana sauraren rikicin da ya haɗa ƙasa da ƙasa ne, wato koci baƙo da ƙungiya ko hukumar wata ƙasa. Shi ya sa da Nijeriya ta sallami baƙon kocinta Gernot Rohr a Disambar 2021, ya kai ƙara can, aka umarci hukumar Nijeriya ta biya shi kusan dala dubu 380. Ya karɓi aikin Jamhuriyar Benin, ya kuma doke Nijeriya 2–1 a watan Yunin 2024 a Abidjan. Kocin gida da ƙungiyar gida ta riƙe wa albashi ba shi da wannan ƙofa. Nasa shi ne kwamitin sasanci na cikin gida, ko ƙungiyar masu horarwa ta sa baki, ko kotun ma'aikata, kuma duk inda ya nufa tambayar farko ita ce: ina takarda?

Ga yadda abin kan kasance a ƙananan ƙungiyoyi. An dawo daga wasan waje cikin dare, tafiyar awa goma a bas, an sha kashi. Da safe sakatare ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da ƙungiya ta kama wa koci, ya gaishe shi da ladabi, "Koci, an tashi lafiya? Ya gajiya?", sannan ya miƙa masa ambulan. Kafin azahar an karɓi makullin ɗaki, an karɓi na mota in akwai. Yana bin albashin wata huɗu da ragowar kuɗin sa hannu da ladan wasannin da aka ci. Shugaba ya ce ya yi haƙuri, in kuɗi sun fito daga gwamnati za a neme shi. Ya duba jakarsa, abin da ke ciki takardar ɗaukar aiki ce mai layi biyar, ba ta faɗi ranar ƙarewa ba, ba ta faɗi abin da za a biya in an raba gari ba. A tasha, da kuɗin aljihunsa zai hau mota.

Saboda haka abu na farko da ya kamaci matashi shi ne ya cire kunya a ranar ɗaukar aiki. Kunyar Bahaushe abar yabo ce a gaban suruki, amma a gaban kwantiragi asara ce. A ranar da ake dariya ana ɗaukar hoto da riga, ranar ce kaɗai koci yake da ƙarfi. A rubuta tsawon wa'adi, da albashi da ranar biyansa, da kuɗin sa hannu da yadda za a raba shi, da ladan wasa, da gida da magani, da abin da za a ba shi idan aka sallame shi kafin lokaci. Ya kai wa lauya ya karanta, ko da kuɗin ya kai na buhun shinkafa. Ya riƙe kwafinsa mai sa hannu da hatimi, ya tabbatar an kai wani ga hukumar gasa. Kuɗi kuma su biyo ta banki, don shaidar banki ba ta mantuwa kuma ba ta jin nauyin kowa. Shugaban da ya ce "haba Koci, tsakaninmu har sai da takarda?" mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya faɗa, sai dai ba lallai ne shi ke kan kujerar ba ranar da za a nemi kuɗin.

Takarda ta biyu ita ce ta ilimi. Cibiyar horar da harkokin wasanni ta ƙasa da ke Surulere a Legas ta daɗe tana yaye masu horarwa, sannan akwai lasisin hukumar ƙwallon Afirka mai hawa-hawa, daga D zuwa C, B, A, har na ƙwararru. Kwasa-kwasan ba kullum ake buɗe su ba, suna da tsada, kuma daga Argungu zuwa inda ake yin su tafiya ce. Amma lasisi shi ne abin da ba a karɓewa tare da makullin mota. Da shi mutum ke iya neman aiki a Yamai ko Kwatano, ko ya zauna a benci a wasannin Afirka. Wanda ya iya Faransanci ko Zabarmanci, abin da ba baƙo ba ne a wannan yanki na iyaka, ya ƙara wa kansa kasuwa. Lokacin zaman gida bayan kora shi ne lokacin ƙarin karatu. Masu wayo a cikinsu haka suke yi, maimakon yawon gidajen rediyo suna zagin wanda ya gaje su. Da'irar ƙarama ce. Wanda aka zaga yau, gobe shi za a tambaya ko a ɗauki mai zagin.

Akwai korar da ake dawowa daga ita, akwai wadda ke bin mutum har gida. Salisu Yusuf, mutumin Zariya, ya ci kofin ƙalubale da Enyimba a 2013, ya kai 'yan wasan cikin gida na Nijeriya wasan ƙarshe na gasarsu ta Afirka a Maroko a farkon 2018. A shekarar ce BBC ta nuna hoton bidiyo na binciken ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas, inda aka ga ya karɓi dala dubu ɗaya daga masu shigar wakilan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, ba ta sauya zaɓensa ba. Hukumar ƙasa ta dakatar da shi shekara guda, ta ci shi tarar dala dubu biyar. Ya dawo aiki, ya riƙe Rangers da Pillars, amma dala dubu ɗaya ta ci masa abin da ya ninka ta nesa ba kusa ba. Samson Siasia, mai lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2008 da ta tagulla a 2016, FIFA ta haramta masa harkar har abada a 2019 kan zargin amincewa da tayin cin hanci don murɗe wasa. Ya musanta, kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a 2021, ya ƙare a 2024. Shekara biyar ba benci, ba albashi.

A ƙauye jarrabawar ba ta zuwa da dala. Tana zuwa ne a siffar uba da ya sayar da tunkiya, ya kawo kuɗin a ƙulle, yana roƙo a sa ɗansa a wasa ko a kai shi gwaji Legas. Ko wani mai sheƙi da ya sauka daga mota yana cewa yana da hanyar Turai, koci ya tara masa yara kowa ya kawo abin biza. Wanda ya karɓa sau ɗaya, gari ya sani, kuma garuruwan nan ba su da mantuwa.

To ina sauran hanyoyin, in babbar kujera ba ta samu ba ko ta suɓuce? Mafi kusa da mutumin Kabi tana da suna: Zaidu Sanusi. A Jega aka haife shi a 1997, a Jega United ya taso, ya tafi Fotugal ya bi ta ƙananan ƙungiyoyi har Santa Clara, Porto ta saye shi a 2020. A watan Mayun 2022 shi ya ci ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar ƙasar a gidan Benfica, ana dab da tashi. Kafin duk wannan, wani ne ya tsaya da usur a filin ƙasa a Jega yana koya masa yadda ake tare ɗan gefe. Dokar FIFA ta san da irin wannan wahala: idan aka sayar da ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance mai rajista, yaron ma an yi masa rajista da sunanta, da shekarunsa na gaskiya. Yaro ɗaya cikin ɗaruruwa ne zai kai can, wannan kam kada a ruɗi kai. Amma kocin da ke da makarantar ƙwallo tasa, mai rajista da hukumar ƙwallon jiha, ba wanda zai aiko masa da ambulan da safe.

Akwai koyarwa. Kwalejojin ilimi, irin ta Adamu Augie da ke nan Argungu, suna ba da takardar malanta, kuma wanda ya haɗa darasin motsa jiki da lasisin koci yana da albashin wata da fansho, ga yara a hannunsa kowace rana. Akwai sharhin wasanni a rediyo da Hausa, akwai farautar 'yan wasa wa manyan ƙungiyoyi, akwai nazarin wasa ta bidiyo, wanda saurayi mai kwamfuta da haƙuri zai iya koya yana zaune a Birnin Kebbi. Ba ɗayansu da ke da daɗin tsayawa bakin layi, amma suna riƙe mutum cikin harkar har waya ta sake ƙara.

Sai gona. Matashin birni in ya ji an ce koci ya riƙe gona sai ya ga kamar an raina sana'ar. Ɗan Gulma ya fi shi sanin abin da ake nufi. Ya ga 2020, lokacin da ruwa ya shafe shinkafar fadamun Kebbi ana dab da girbi, ya kuma ga waɗanda suka miƙe da wuri: masu noman rani da injin ban ruwa, masu ɗan kiwo a bayan gida, masu homa da gora da suka koma su. Ba wanda ya ce sun raina noman damina. Kocin da ke da kadada ɗaya ta shinkafa da ƙanensa ke duba masa, da 'yan buhuna a ɗaki, yana iya cewa a'a ga ƙungiyar da ta saba cinye albashi. Wanda ba shi da komai, duk abin da aka miƙo karɓa zai yi, ko da takarda mai layi biyar ce, kuma shugabannin ƙungiyoyi suna gane mai yunwa tun daga gaisuwa. Albashin farko da kuɗin sa hannu, in sun fito, gara su tafi can kafin su tafi ga mota.

Saurayin filin firamare bai kai ko ɗaya daga waɗannan matakai ba tukuna. Abin da ke hannunsa yanzu littafi ne mai bango ja, irin na 'yan makaranta. In ya fara rubuta sunan kowane yaro a ciki, da sunan mahaifinsa, da ranar haihuwarsa ta gaskiya, da ranar da ya fara zuwa atisaye, ya ɗauki littafin ya hau motar Birnin Kebbi ya tambayi yadda ake rajistar ƙungiya da ranar da za a buɗe kwas na gaba, to ya sami abin da zai faɗa wa kawunsa. Kafin nan, an kira magariba, yara sun watse, ya tattara rigunan cikin buhu ya ƙirga, goma sha huɗu, saura ɗaya, ya bi bayan wanda ya tafi da ita.